An ba ƙanwata Bayokemistiri maimakon likitanci: ta karɓa ko ta sake JAMB?

Yayan_Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga likitocin da ke wannan zaure da malaman makaranta. Ƙanwata ce ta gama sakandare, ta nemi likitanci, ta ci maki 254 a JAMB. Sakamakonta na NECO ya yi kyau, duk darussan da ake buƙata ta samu kiredit a zama ɗaya. Likitancin bai samu ba, sai aka mayar da ita Bayokemistiri, yanzu haka gurbin yana nan a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, yana jiran ta karɓa ko ta ƙi. Gidanmu ya rabu biyu. Baba ya ce ta karɓa, in ta gama digirin ta koma likitanci ta DE (Direct Entry, wato shiga jami'a kai tsaye ba daga aji ɗaya ba), wai haka ɗan abokinsa ya yi. Umma ta ce a'a, ta zauna ta sake JAMB baɗi. Ita kuma yarinyar ta shige ɗaki ta ƙi magana da kowa. Tambayata biyu ce: hanyar digirin nan tana ɓullewa kuwa? In tana ɓullewa, wane kos ne ya fi kai mutum, Bayokem, Anatomi, Fiziyoloji ko Maikurobayoloji?

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam. Ta karɓa kawai. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Allah ya zaɓa mata mafi alheri.

Ummu_Haidar:
Yaya, shekarunta nawa tukuna?

Yayan_Nana:
Sha bakwai, Hajiya.

Ummu_Haidar:
To ai yarinya ce ƙarama. Shekara ɗaya a gida ba za ta tsufar da ita ba. Ni ina bayan Umma.

Dakta_Kurna:
Bari in yi maka lissafin shekaru, shi ne abin da iyayenmu ba sa yi kafin su ce "in ta gama sai ta koma". Wanda ya shiga likitanci ta JAMB shekara shida zai yi. Wanda ya bi ta digiri zai yi huɗu a digirin farko, galibi ya yi shekarar bautar ƙasa, sannan in an ɗauke shi ta DE a aji biyu za a ajiye shi, ya yi biyar. Goma ke nan. Ban saka yajin aiki ba, kuma duk mun ga na 2022 da ya ci wata takwas. Ko da digirin Anatomi ka zo ba wanda zai tsallakar da kai zuwa aji huɗu, tare da yaran da suka fito aji ɗaya za ka zauna.

Sai maganar daraja. Mafi yawan jami'o'in da ke karɓar mai digiri ba sa kallon abin da ya gaza daraja ta biyu ta sama, wato matsakaicin makin digiri (CGPA) 3.50 cikin 5. Wannan sharaɗin sayen fom ne kawai. A zahiri da masu daraja ta ɗaya za ta yi takara, waɗanda suka kai 4.50, kuma guraben DE ɗin 'yan kaɗan ne, da 'yan shirye-shiryen share fagen shiga jami'a na IJMB da JUPEB ake raba su. Dalili shi ne hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Ba wai mugunta jami'a take yi ba, wurin ne iyakarsa ke nan.

Hanyar tana ɓullewa, na yi aji da waɗanda suka biyo ta. Amma ita ce mafi tsawo kuma mafi ƙunci a cikin hanyoyin, bai kamata a nuna wa yarinya kamar abu ne tabbatacce ba.

Bash_Rijiyar_Zaki:
Dakta, ni kuma na karanta a intanet cewa ba ruwan makarantar likitanci da kos ɗin da ka yi, ko Tarihi ka karanta za su ɗauke ka, in dai ka haɗa da wasu darussan kimiyya da suke buƙata. Ko ba haka ba ne?

Bakano_a_Amurka:
Bash, tsarin nan Amurka ka karanto, ba na gida ba. A nan ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai ka yi digirin farko na shekara huɗu a duk fannin da ka ga dama, da gaske akwai masu digirin Tarihi ko Turanci da suka zama likitoci. Abin da ake nema shi ne a cikin shekarun nan huɗu ka ɗauki darussan share fage: yawanci shekara guda ta Bayoloji, shekara guda ta Kemistiri na gama-gari, shekara guda ta Kemistiri na oganik, shekara guda ta Fizik, duk da aikin ɗakin gwaje-gwaje, sai Bayokem da Turanci, wasu su ƙara lissafin ƙididdiga. Daga nan ka rubuta jarrabawar shiga likitanci ta MCAT, makinta daga 472 zuwa 528 yake, sannan shekara huɗu ta likitancin. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne ɗalibi a nan shi ke tsara kwasa-kwasansa. A jami'o'inmu na gida kuwa sashenka ne ke miƙa maka jerin abin da za ka yi rajista, ɗan Tarihi ba shi da ƙofar shiga lab ɗin Kemistiri. Kuma kada wani ya ɗauka zai kawo digirinsa na Najeriya ya shige kai tsaye, makarantun da ke ɗaukar baƙi ba su da yawa, akasarinsu ma suna son ka yi darussan nan a Amurka ko Kanada.

Bash_Rijiyar_Zaki:
Ashe haka ne. Na gode da wannan bayani.

Malam_Fizik:
Ni malamin sakandare ne, kuma kullum irin wannan magana ta taso sai in ce an makara. Zaɓen darussan likitanci a aji huɗu na sakandare ake yin sa, ba a jami'a ba. Kiredit biyar ne: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri, Fizik. A JAMB kuma huɗu ne: Turanci, Bayoloji, Kemistiri, Fizik, babu Lissafi a ciki. Duk shekara sai na ga yaron da aka cike wa fom a kafe, mai kafen ya saka masa Lissafi ko darasin Noma a madadin Bayoloji, uban yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran a ba shi silif, ba wanda ya duba. Yaro ya ci maki mai kyau, ya tashi a banza. Yaya, ka karɓi silif ɗin sakamakonta ka duba makin kowane darasi daban. Ina kyautata zaton Fizik ne ya ja ta ƙasa, shi ne ke kayar da yawancin yaranmu. In haka ne, matsalar sananniya ce kuma tana gyaruwa da lesin na wata shida. Waɗanda suka kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977 wannan suka hango, shi ya sa da wuya ka shiga babban asibiti a Kano ba ka tarar da tsohon ɗalibinsu ba.

Yayan_Nana:
Malam, kamar ka gani. Na duba yanzu, Fizik ne mafi ƙaranci, 51. Bayoloji ta ci 74.

Ɗan_Ɗorayi:
Ku daina wahalar da kanku da lissafi. Likitanci a ƙasar nan sai mai hanya. Ɗan talaka ko 300 ya ci sai a ba shi Botani.

Dakta_Kurna:
Ɗan_Ɗorayi, ban ce ba a alfarma a duniya ba, amma wannan maganar ce ke karya wa yara gwiwa, kuma ita ce jarin 'yan damfara. Mahaifina ɗinki yake yi. A ƙa'idar jami'o'in tarayya kashi 45 na guraben na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a baya a ilimin boko. Kuma ba makin JAMB kaɗai ake dubawa ba, ana haɗawa da tantancewar jami'a. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samar wa yarinya gurbin likitanci, a tambaye shi me ya sa bai fito a CAPS ba. Gurbin da bai bi ta CAPS ba, ba gurbi ba ne.

Maman_Afnan:
Ni ce irin ɗan abokin Baban naku. Fiziyoloji na yi, na fita da daraja mai kyau, na nemi DE ban samu ba a karon farko, daga baya Allah ya nufa. Amsar tambayarka ta biyu, Yaya: a aji biyu da uku na likitanci abu uku ne ake yi, Anatomi, Fiziyoloji da Bayokem, su ne jarrabawar ƙwararru ta farko, wadda ke tsayar da mutane da yawa. Don haka duk wanda ya fito daga ɗaya cikin ukun nan ya rage wa kansa kaya. Maikuro sai a aji huɗu amfaninsa ke fitowa, tare da ilimin cututtuka da na magunguna.

Ranar farko da aka shigar da ajinmu ɗakin feɗe gawa ba zan manta ba. Warin fomalin ya cika ɗakin, ido na ruwa, wata yarinya ta fita da gudu ta bar jakarta a kan benci, wani yaro yana ta karanta addu'a a bayyane. Wata 'yar DE da ta fito daga Anatomi ta saka safar hannu ta ɗauki aska ta fara nuna mana jijiyoyin hammata ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Shekarar nan duka a bayanta muka yi ta tafiya. In don sauƙin karatun likitanci kaɗai ne, Anatomi ya fi kowanne taimako, don shi ya fi yawan hadda.

Amma ga inda gizo ke saƙar: in DE ɗin bai samu ba, me za ta yi da takardar? Wannan tambayar za ku fara amsawa.

Sani_Bayokem:
Gaskiya Maman_Afnan ta taɓo wurin. A ajinmu, ranar farko da malami ya ce wa ya zaɓi Bayokem da kansa, hannayen da suka ɗagu ba su taka kara sun karya ba. Kusan kowa likitanci ya nema. Abin da ke faruwa shi ne yaro ya shigo da zuciyarsa a wani wuri, ya raina kos ɗin, sai a aji biyu a kawo hanyoyin sarrafa abinci a ƙwayar halitta, zagayen Krebs da ire-irensa, da Kemistiri na oganik, CGPA ta faɗi. Daga nan DE ta tafi, kos ɗin ma ba a riƙe shi da kyau ba. Bayokem ba wurin jira ba ne, yana da wuyarsa. Amma a cikin huɗun da ka lissafa, shi da Maikuro sun fi faɗin kasuwa: kamfanonin abinci da lemo da magunguna na Sharaɗa da Bompai da Challawa suna da sashen duba inganci, ga NAFDAC, ga koyarwa, ga digiri na biyu. Ni a irin wannan sashen nake aiki, alhamdulillahi ina cin abinci.

Hauwa_Lab:
Ƙarin bayani kan maganar Malam Sani, don mutane na ruɗewa a nan. Digirin Bayokem ko Maikuro ba ya ba mutum lasisin aikin gwajin jini da fitsari a asibiti. Wannan na wanda ya karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne, shekara biyar, kuma hukumarmu ta MLSCN ce ke ba da lasisin. Na sha ganin masu Maikuro sun zo neman aiki a lab sai a lokacin suke jin wannan.

Anti_Nas:
Ni abin da ke ba ni mamaki da mutanenmu, kamar asibiti likita kaɗai ne a cikinsa. Darussan JAMB ɗin nan huɗu da ta rubuta su ne dai na aikin jinya, da Famasi, da likitan haƙori, da gashin ƙashi, da ɗaukar hoton ciki, da na ido. Jami'ar Bayero, BUK, na da su duka. Kowanne ka gama da lasisinka a hannu. Me ya sa ba ta nemi canjin kos zuwa ɗaya daga cikinsu ba maimakon Bayokem? Sai dai kowa yana so a ce masa Dakta a gidan biki.

Ummu_Haidar:
Anti_Nas, a yi mana afuwa, ba don gidan biki ba ne. Ki tsaya a layin awo na kowane babban asibiti a garin nan ki ji yadda mata ke tambayar ko likitar mace ce yau. Wata in namiji ne komawa gida take yi da ciwonta. Yarinya ta ce likita take son zama, a ƙarfafa mata.

Anti_Nas:
Hajiya ban musa ba. Amma a ɗakin haihuwar nan da dare wa kike tararwa a kanki? Ungozoma. Ba raina burinta nake yi ba, cewa nake a nuna mata duka ƙofofin.

Hauwa_Lab:
Kuma a sani su ma kwasa-kwasan nan yanzu cike suke, musamman jinya da Famasi. Ba wai da ta nema za a miƙa mata ba.

Alhaji_Kwari:
Ni tambayata daban ce. Shekara goma yarinya tana karatu, auren fa? Ku 'yan boko ba kwa saka wannan a lissafinku.

Maman_Afnan:
Alhaji, ranka ya daɗe, ina aji huɗu aka ɗaura min aure, ina aji shida na haifi Afnan. Ba zan ce da sauƙi ba, na yi kwanan asibiti da tsohon ciki, mahaifiyata ce ta riƙe jaririyar lokacin jarrabawar ƙarshe. Abin da ake buƙata miji mai fahimta da dangin da za su tallafa. Wannan kuma ko shekara shida ce ko goma, sai an buƙace shi.

Alhaji_Kwari:
To Allah ya ba da masu fahimtar. Su ne suka yi ƙaranci.

Malam_Fizik:
Ba wanda ya ambaci IJMB da kyau, bari in faɗa. Shiri ne na kamar shekara guda da ABU Zariya ke kula da jarrabawarsa, a nan Kano ana yin sa a kwalejin CAS. Darussa uku za ta ɗauka, Bayoloji, Kemistiri, Fizik, kowane A maki 5 ne. In ta ci sosai tana iya neman DE zuwa aji biyu, shekarar ba ta tafi a banza ba ke nan. Amfaninsa na biyu, kuma ni shi ya fi burge ni: abin da ake koyarwa ya zarce manhajar JAMB zurfi, don haka yaran da ke IJMB in suka sake JAMB a shekarar makinsu kan tashi. Sharaɗi ɗaya, ku tabbatar jami'ar da take so tana karɓar IJMB a likitanci kafin ku biya ko sisi. Kundin JAMB na intanet, IBASS, ya jera abin da kowace jami'a ke karɓa a kowane kos. Nan ne kuma za ku ga ko tana karɓar digirin Bayokem ɗin a DE, don ba duka suke ɗaya ba.

Zee_Aji3:
Ni hanya ta uku na bi. Na karɓi kos ɗin da aka ba ni, ina aji ɗaya na sake JAMB. Darussan aji ɗaya na kimiyya kusan maimaicin Bayoloji da Kemistiri da Fizik ne, sai suka zame min lesin. Da likitanci ya fito na saki wancan na koma aji ɗaya. Da bai fito ba da na ci gaba da abina. Asarar ita ce kuɗin rajistar shekara guda. A dai faɗi gaskiya wajen cike fom cewa ita ɗaliba ce, kuma ba a riƙe gurbi biyu.

Abu_Sumayya:
To ka ji. Ai abin da na faɗa tun farko ke nan, ta karɓa.

Sani_Bayokem:
Zee, ke kin dace, amma ki faɗa masa ɗaya ɓangaren. JAMB kan faɗo a tsakiyar zangon karatu, ga gwaje-gwaje ga rahoton lab. Na san wanda ya raba hankalinsa biyu, JAMB ba ta ƙaru ba, ya kuma kwaso kariyoba a aji ɗaya, wadda ita ce ta hana shi darajar da zai nemi DE da ita daga baya. Sai yarinya mai tsari.

Bash_Rijiyar_Zaki:
Ba a canza sashe a cikin jami'a ne? Na ji an ce in ka ci CGPA mai yawa a aji ɗaya za a mayar da kai likitanci.

Dakta_Kurna:
Kada a gina komai a kan wannan, Bash. Saboda adadin MDCN da na faɗa a sama, ajin likitanci a cike yake shigowa, wasu wuraren ma rage ɗalibai ake yi bayan aji ɗaya. Sai in jami'ar ce ta rubuta a ƙa'idarta, ba "an ce" ba.

Ɗan_Ɗorayi:
In da hali a fitar da ita waje mana. Masar ko Indiya. Da can ai Sudan ake turawa.

Ummu_Haidar:
Bayan yaƙin Sudan da muka gani a Afrilun 2023? 'Yar maƙwabciyata tana cikin waɗanda aka kwaso a mota daga Khartum zuwa iyakar Masar, uwar ta yi kwanaki ba ta runtsa ba. Na Yukiren ma haka a 2022. Ga tsadar dala.

Dakta_Kurna:
Kuma duk wanda ya karanto a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin a ba shi lasisin fara aikin shekara guda na sanin makama. A tabbatar makarantar tana cikin waɗanda aka amince da su tun kafin a biya kuɗin jirgi.

Ɗan_Ɗorayi:
Ai da gwamnatoci na ɗaukar nauyi kamar yadda ya kamata da ba mu zo nan ba. Amma kun san wa ya yi wa bai yi ba.

Admin:
Ɗan_Ɗorayi, ban da siyasa don Allah. A koma kan tambayar Yayan Nana.

Malam_Fizik:
Wani abu kuma, Yaya. Kada ku ɗaure kanku da jami'a ɗaya. Bayan BUK akwai Northwest a nan cikin gari, akwai ta tarayya a Dutse, ga ABU, ga ta Ɗanfodiyo a Sakkwato, duk suna likitanci. Cunkoson ba ɗaya ba ne.

Yayan_Nana:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa Baba lissafin Dakta, ya yi shiru sannan ya ce shi bai san a aji biyu ake mayar da mutum ba. Umma ta ji maganar IJMB ta ce ita dai kada a kai mata 'ya kwanan makaranta. Nana ta fito, ta karɓi wayar ta karanta da kanta. Hanyar Zee ce ta kwanta mata, amma maganar Malam Sani ta tsorata ta. Ta ce in tambayi Maman Afnan: in da za ki koma baya, za ki sake bin ta digirin ko JAMB za ki maimaita?

Maman_Afnan:
Ka ce mata ina kan aiki yanzu, amsar kuma ba ta layi ɗaya ba ce. Ta turo min saƙo ta akwati, da daddare ma yi magana.

Sadiya_Hotoro:
Salam, yanzu na shigo na ga zancen. Don Allah Malam_Fizik, ni ƙanena D7 ya samu a Fizik a WAEC, bai kai kiredit ba, amma ya ci a NECO. Za a iya haɗa masa biyun a likitanci?

Malam_Fizik:
Jami'o'i da yawa zama ɗaya suke so a likitanci. NECO ɗin tasa ita kaɗai ta cika biyar ɗin? Turo min sauran darussan in gani.